Makarantar Tekwando ta Yara a Aboabo: Tsaurin Shekaru da Jinkirin Ɗamara

Tsakanin unguwannin Aboabo da Asawase a birnin Kumasi na ƙasar Gana, a zauren taron wata makarantar gwamnati da ake bayarwa haya bayan an tashi ɗalibai, akwai wata ƙungiyar koyar da tekwando wadda 'ya'yan zango suka fi yawa a cikinta. Abin da ya sa iyaye ke yawan maganarta shi ne tsaurin da take yi a kan shekarun yaro da kuma lokacin da zai sauya ɗamara, har wasu suka janye 'ya'yansu suka kai su inda ake saurin ƙarin girma. 'Yata tana cikin ɗaliban wurin, kuma a ganina wannan tsauri da ake kuka da shi shi ne abu mafi daraja da iyaye ke biya wa kuɗin wata, duk da cewa akwai wuraren da ƙungiyar ta gaza, waɗanda ba zan rufa mata asiri a kansu ba.

Tun bayan wasannin Afirka da aka yi a Akra a watan Maris na 2024, sha'awar irin waɗannan wasanni ta ƙaru a unguwanninmu, ƙananan wuraren koyarwa kuma suka yawaita, wasu a farfajiyar gida, wasu a filin makaranta. Wannan ƙungiya ta riga su kafuwa, kuma ba ta karɓar yaron da bai cika shekara 6 ba. Daga 6 zuwa 8 aji guda ne, kuma mafi yawan abin da suke yi tsayuwa ce da daidaita jiki da koyon sauraron umarni, da wasannin guje-guje da aka saƙa bugun ƙafa a cikinsu. Sai ajin 9 zuwa 11, sai na 12 zuwa 14, sannan waɗanda suka kai 15 su shiga cikin manya. Iyaye mata da yawa sun so a karɓi ƙannen ɗalibai masu shekara 4 ko 5, tun da dai tare za su fito daga gida, amma malamin, wanda kowa ke kira Masta, ya ƙi ba sani ba sabo. Akwai ƙasashen da ake karɓar yara ƙanana haka, sai dai a can akwai malamai da yawa da ɗaki shimfiɗe da katifun roba daga bango zuwa bango. A nan kuwa malami ɗaya ne da mataimaka biyu a kan daɓen siminti, kuma yaron da bai gama bambance dama da hagu ba zai cinye hankalin mataimaki guda shi kaɗai. Don haka ba na ganin laifin wannan iyaka.

Ranar rajista ba a karɓar maganar baki. Masta yana da wani babban littafi mai kaurin bango, kowane ɗalibi da shafinsa, a saman shafin an maƙala kwafin takardar haihuwa da ɗan ƙaramin hoto, a ƙasa kuma layuka ne na ranakun zuwa atisaye, ana sa alama da biro ja ko shuɗi. Wanda ba shi da takardar haihuwa sai ya kawo katin awon asibiti na jarirai tare da katin inshorar lafiya, a ba shi wa'adin zangon karatu guda ya je ofishin rajistar haihuwa ya gyara. Wannan kaɗai ya tilasta wa wasu gidaje yin abin da suka yi shekaru suna ɗagawa, alhali rajistar kyauta ce da an yi ta kafin jariri ya cika shekara. Duk wanda ya san ƙwallon ƙafa a yankinmu ya san dalilin wannan bin diddigi, domin matsalar rage shekaru ce ta sa hukumar FIFA ta fara ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannun 'yan wasa da na'urar MRI a gasar 'yan ƙasa da 17 da aka yi a Najeriya a 2009. A wasan faɗa abin ya fi muni, saboda ɗan shekara 16 da aka rubuta masa 13 ba kofi kawai zai ƙwace ba, haƙoran ɗan wani zai zubar. Kuma ƙaryar ta kan bi ta fuska biyu: a ƙara wa yaro shekara don a karɓe shi da wuri, in gasa ta zo kuma a nemi a rage masa. Littafin Masta ya toshe duka biyun, domin abin da aka rubuta ranar farko shi ke nan. Hukumar tekwando ta duniya ta kasa matasa kashi biyu, 'yan 12 zuwa 14 da 'yan 15 zuwa 17, manya kuma daga 17, kuma shekarar haihuwa take dubawa, ba wata ko rana ba, saboda haka wanda aka haifa a Disamba da wanda aka haifa a Janairun shekara guda rukuninsu ɗaya. Masta yana bayyana wa iyaye wannan tun da wuri, don kada wani ya ce an cuci ɗansa.

Matakan ɗamara kuwa su ne waɗanda aka saba: fara, rawaya, koriya, shuɗiya, ja, da rabin mataki a tsakanin kowane biyu wanda ake nunawa da zirin launi a bakin ɗamarar. Kowane mataki yana da jerin motsi da ake haddacewa, wato jerin Taegeuk guda 8, daga na farko mai sauƙi zuwa na takwas wanda ake nema ga mai shirin barin jar ɗamara. Ƙa'idar ƙungiyar ita ce ba a zama jarrabawa sai an yi aƙalla wata uku a mataki, a matakan sama ma fiye da haka, kuma watannin ba sa ƙirguwa in alamun zuwa da ke cikin littafi ba su cika ba. Yaron da ya yi hutun dogon zango a wurin kakanninsa a Tamale ko Bawku zai dawo ya tarar sa'o'insa sun wuce shi da mataki, kuma babu roƙon da zai sauya haka. Idan aka lissafa, mai ƙwazo zai ɗauki shekara uku zuwa huɗu kafin ya kai ƙarshen matakan launi. Su launukan nan ba tsohon abu ba ne ƙwarai. Jigoro Kano, wanda ya kafa makarantar judo ta Kodokan a Tokyo a 1882, shi ya fara tsarin matakan ɗamara, kuma fara da baƙa kawai aka sani da farko. Sai a shekarun 1930 launuka suka bazu a Turai, musamman ta hannun Kawaishi a Faransa, don ɗalibi ya riƙa ganin ci gabansa da ido. An ƙirƙire su ne don ƙarfafa gwiwa, amma duk abin da ake biya wa kuɗi a kowane mataki yana da sauƙin zama haja, kuma a wasu wurare a garin nan ya riga ya zama.

Inda aka fi kai ruwa rana shi ne batun baƙar ɗamara. Cibiyar Kukkiwon da ke Seoul a Koriya ta Kudu, wadda aka buɗe a 1972 kuma ita ke ba da takardun shaidar da duniya ta amince da su a wannan salon tekwando, ba ta ba wanda bai kai shekara 15 ba matakin dan, wato matakin baƙar ɗamara ta manya. Yaron da ya ci jarrabawar kafin ya cika 15 ana ba shi matakin pum, ɗamararsa rabi ja rabi baƙa, wuyan rigarsa ma haka, in ya cika 15 sai a mayar masa da takardar zuwa dan ba tare da ya koma farko ba. Na ga wata Hajiya, 'yar kasuwa a Kejetia, wadda ɗanta mai shekara 12 ya ci wannan jarrabawa, ta riga ta gayyaci dangi ta yi girki, sai ta ga an ɗaura masa ɗamara mai launi biyu. Ta tare Masta a bakin ƙofa ta ce, "Masta, ai baƙa muka biya. Ɗan maƙwabciyata shekararsa tara, baƙa wuluk aka ba shi a can wajensu." Ya rusuna ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri. Yaron da ya yi saukar Alƙur'ani yana ɗan shekara goma sha biyu ya yi abin a yaba, a yanka masa rago, amma ba a ba shi limancin unguwa sai ya girma. Ɗanki ya sauke, kuma takardarsa tana da lamba a Koriya." Hajiya ba ta ce komai ba a lokacin, amma yaron yana nan har yanzu, shi ke jan ƙananan yara motsa jiki kafin a fara darasi. Laifin da na gani a nan na ƙungiyar ne, domin bayanin da ya kamata a yi wa uwa tun ranar da ɗanta ya ɗaura jar ɗamara an bar shi sai ranar biki a bakin ƙofa.

Ya kamata iyaye su san sauran lissafin Kukkiwon, saboda da shi ne za su auna malamin kansa. Daga dan na 1 zuwa na 2 sai an jira shekara guda, daga na 2 zuwa na 3 shekara biyu, daga na 3 zuwa na 4 shekara uku, haka abin ke ta tsawo. Ga wanda ya fara da dan kai tsaye, na 4 ba ya samuwa kafin shekara 21, na 5 kuma kafin 25. Wanda ya biyo ta hanyar pum tun yana yaro yana samun rangwame, ya kai na 4 a 18, na 5 a 22. Mataki na 9 sai mai shekara 53. Saboda haka in saurayi ɗan shekara 20 ya buɗe wuri ya ce shi mai dan na 5 ne daga Kukkiwon, ba sai an yi gardama da shi ba, lissafi ya riga ya ƙaryata shi. Kowace takardar cibiyar tana da lamba wadda ake iya bincikawa a intanet, kuma da na nemi ganin ta Masta bai nuna ɓacin rai ba, ya ciro ta daga jaka ya miƙo mini, dan na 4 ce, ya ce in duba lambar da wayata. Takardar da aka buga a shagon kwamfuta a Adum, komai kyan zanen damisar da ke jikinta, ba ta wuce ƙofar wurin da ya bayar da ita. Sauran wasannin ma suna da irin wannan shinge: a jujitsun Burazil, hukumar IBJJF ba ta ba da shuɗiyar ɗamara, wadda ita ce ta farko bayan fara a tsarin manya, sai ɗalibi ya kai 16, a judo kuma ƙasashe da yawa sun hana ƙananan yara shaƙe wuya da murɗe gwiwar hannu.

Ranar jarrabawa ita ce ta fi gamsar da ni. Ana jawo teburin malamai a lulluɓe shi da farin ƙyalle, Masta ya zauna tare da wani malami da ake gayyatowa daga wata ƙungiya don kada a ce son kai, iyaye kuma a kan bencina a bayan zaure, an hana su magana da ɗaga waya kusa da yara. Ana kiran ɗalibai huɗu-huɗu. Na ga wani yaro mai koriyar ɗamara, ɗan kimanin shekara 10, ya fara jerin Taegeuk na huɗu da kyau, ya kai tsakiya sai ya juya hagu maimakon dama, ya yi ido biyu da na kusa da shi, ya tsaya cak hannunsa a sama. Aka bar sauran suka gama, aka ce ya sake shi kaɗai. Ya sake, ya maƙale a wuri guda. Baƙon malamin ya rubuta wani abu, Masta ya kira yaron gaban tebur, ya ce masa a hankali bugunsa na gefe ya fi na kowa a rukunin, amma jerin bai zauna ba, ya dawo bayan wata guda. Babu tsawa, babu dariya, kuma ba a sake karɓar kuɗi a zama na biyu ba. Wannan na ƙarshe ya fi komai muhimmanci, domin wurin da ke kayar da yaro ya sake cajin iyayensa yana da riba a faɗuwarsa, wurin da ba ya kayar da kowa kuwa sayar da ɗamara yake yi. Fasa katako ma an bi shi da shekaru: 'yan ƙasa da 12 ba sa fasa komai da dunƙule, saboda ƙasusuwan hannunsu ba su gama ƙwari ba, sai dai su bugi siririn allo na katakon da ake kira wawa da ƙafa, wanda kafinta ya yanko daidai kauri ɗaya ga kowa.

Karawa tsakanin ɗalibai ba ta farawa sai an kai koriyar ɗamara, kuma ana haɗa yara ne bisa shekaru da nauyi kafin a dubi launi, don haka ba za ka ga an haɗa siririn ɗan shekara 9 da ƙaton ɗan 13 don kawai ɗamararsu ɗaya ba. A dokar gasa bugun ƙafa a kai maki 3 ne, a ƙirji kuwa 2, shi ya sa duk yaron da ya kalli bidiyon gasa a waya kai yake hari. A nan an hana bugun kai gaba ɗaya ga 'yan ƙasa da 12, 'yan 12 zuwa 14 kuma sai da hular kariya da robar haƙora, kuma taɓawa kawai. Dokar ta yi kyau, kayan ne ba su kai ta ba. Sulken ƙirji da huluna kaɗan ne, ana karɓa-karɓa, wanda ya cire jiƙe da zufa shi na gaba zai saka, kuma yawancinsu na manya ne, har ka ga ƙaramin yaro hula tana rufe masa ido yana gyarawa da hannu ɗaya ana bugunsa. Katifun roba ba su rufe ko rabin zauren ba, a lokacin hunturu kuma ƙura takan sa daɓen ya yi santsi. Robar haƙora dai kowa ya sayi tasa, kada a yarda da aro.

Babban ƙorafina shi ne kuɗi, kuma ba tsadarsu ba. Kuɗin wata daidai ne da ƙarfin mai ƙaramin ciniki, ana biya ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, saƙon waya ya zama rasit. Matsalar ita ce babu takarda guda da ta jera wa uba abin da ke gabansa. Kuɗin jarrabawa yana ƙaruwa daga mataki zuwa mataki, sai saura mako guda a aiko da saƙo a WhatsApp, ga kuɗin sabuwar ɗamara, ga na riga in yaro ya girma, ga na mota in za a je gasa a filin wasa na Baba Yara ko a Akra. Na matakin pum shi ne mai nauyi, tun da takardar daga waje take zuwa kuma farashinta yana bin dala, sidi, kuɗin Gana, kuwa kowa ya san halinta. Na san gidan da yaronsu ya shirya tsaf amma aka ɗaga masa jarrabawa saboda sanarwar ta zo daidai da biyan kuɗin haya. Ƙungiyar da ta iya rubuta ranar zuwan kowane yaro da biro kala biyu ba za ta kasa buga jadawalin kuɗi na shekara ta liƙa a bango ba.

Akwai kuma wani giɓi da tsarin shekarun ya haifar wanda ƙungiyar ba ta yi masa tanadi ba. Shekara 15, wadda ita ce ƙofar baƙar ɗamara, ita ce kuma shekarar da yawancin yaranmu ke rubuta jarrabawar BECE ta kammala ƙaramar sakandare, kuma tun da aka fara karatun babbar sakandare kyauta a 2017, da yawansu makarantar kwana suke tafiya. Yaron da ya fara a shekara 12 zai kai jar ɗamara daidai lokacin da iyaye za su ce ya ajiye wasa ya kama littafi, daga nan sai makarantar kwana, sai hutu kawai ake ganinsa, littafin Masta kuma ba ya ƙirga hutu. Da yawa a nan suke tsayawa, saura taki ɗaya. Wanda ya fara tsakanin 8 zuwa 10 shi ne tsarin ya fi yi wa daidai, domin zai iya samun pum kafin ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare, takardarsa ta jira shi har ya cika 15. Da an shirya atisaye na musamman a dogon hutu wanda za a ƙirga wa 'yan makarantar kwana, da an ceto da dama ba tare da an sassauta ƙa'ida ba.

'Yan mata kuwa tun kafin nan suke zubewa. A ajin ƙanana kusan rabi su ne, amma da sun shiga 12 ko 13 sai iyaye su fara janye su, saboda babu mace ko ɗaya a cikin masu koyarwa, kuma babu keɓaɓɓen wurin sauya kaya sai wani aji da ake turo ƙofarsa. Ba sutura ce matsalar ba, domin rigar wasan doguwa ce mai dogon hannu da wando har idon sawu, ana kuma sa ɗan ƙaramin hijabi a ƙarƙashin hula, kamar yadda Hedaya Malak ta Masar ta yi ta ci tagulla a gasar Olamfik ta Rio a 2016, ta sake ci a Tokyo. A bangon zauren an liƙa hoton Abdoul Razak Issoufou Alfaga na Nijar, wanda ya ci azurfa a Rio yana da shekara 21 ya kuma zama zakaran duniya a 2017, da na Cheick Sallah Cissé na Kwaddibuwa wanda ya ci zinare a gasar ta Rio. Babu hoton mace. Ina da 'ya a wurin, don haka wannan magana ta shafe ni kai tsaye, kuma na faɗa wa Masta ita baki da baki.

Ta fuskar lokaci an yi la'akari da mutanen unguwa: ana farawa bayan La'asar a tashi kafin Magariba a ranakun mako, ba a taɓa safiyar Asabar da Lahadi saboda makarantar Islamiyya, da azumi kuma a rage atisaye zuwa maimaita jerin motsi ba tare da karawa ba. Masu zuwa daga Sawaba ko Asokore Mampong su yi lissafin cunkoson yamma, domin wanda ya makara da fiye da kwatan awa ana barinsa ya yi atisaye amma ba a sa masa alamar zuwa.

Uban da ke son ganin baƙar ɗamara a ƙugun ɗansa kafin ya gama firamare zai sha takaici a nan, gara ya san haka tun kafin ya sayi riga. Wanda zai kai nasa kuma ya tafi da takardar haihuwa ta asali da kwafinta da ƙananan hotuna biyu, ya nemi a faɗa masa kuɗin kowace jarrabawa har zuwa pum ya rubuta a gaban Masta, kuma kada ya sayi sulke da hula sai yaron ya kai koriyar ɗamara, domin kafin lokacin jikinsa zai wuce awon da aka saya. Sababbin ɗalibai a farkon kowane zangon karatu ake karɓarsu, ajin 'yan 6 zuwa 8 kuma shi ke fara cika.